Mai Kunne da Ƙarar Makullai

Ranar Litinin, huɗu ga watan Fabrairu, da ƙarfe tara saura kwata, Akawu ya fara ganin mutumin da daga baya kowa ya riƙa kira Mai Kunne. Shekara tara ke nan. Mutumin ya hawo ofishin mujallar da Akawu ke yi wa aiki, da jaka a kafaɗa, yana neman aiki, yana gama sallama ya ɗaga kai ya dubi silin.

"Fankar nan taku kuka take yi," in ji shi. "Ku matsa kafin ta sauko ta gaishe ku."

Babu wanda ya taɓa jin kukan. Da aka kira mai gyara, sai ga kusoshi biyu sun kwance. A ranar Edita ta ɗauke shi aiki, a ranar kuma sunan ya bi shi.

Kafin nan ya yi shekara sha huɗu yana haɗa sauti a situdiyo. Aikinsa a mujallar shi ne sauraron kayan da kamfanoni ke aikowa, sifika da rediyo da abin sawa a kunne, ya rubuta wa masu saye gaskiyar abin da ya ji. Kowane kaya sharhi uku yake yi masa, kowanne da kalar bironsa. Baƙi na masu situdiyo ne, cike da lambobi, nan yake zuba ƙwarewarsa. Shuɗi na direbobi ne da masu yini a hanya: ko batir zai kai yamma, ko ana jin magana cikin hayaniyar mota. Ja kuwa na dattawa ne, layi biyar, a tsaye yake rubuta shi.

"Su dai ka ce musu maɓallin babba ne, shi ke nan," yakan ce yana dariya.

Da sauti uku yake gwada komai, waɗanda ya naɗa da kansa: muryar autarsa tana karatu, ruwan sama a kan kwano, da makullai ana girgizawa. Makullan ne alƙali, don su ne mafi siririn sauti. Kayan da ya kasa fito da su ya faɗi.

Akawu ne ke buga rubutun a kwamfuta, kuma ba tare da wani ya sa shi ba ya buɗe rajista: kwanan wata, sunan kaya, murya, ruwa, makullai.

"Ƙanena, kai ko atishawa aka yi sai ka ba ta lamba," Mai Kunne kan ce masa.

"Yaya, taka ta jiya ita ce ta arba'in da biyu."

A shekara ta shida wasiƙun koke suka fara zuwa. Wani mai situdiyo ya rubuto cewa an kushe sifikar da ba ta da laifi. Sai kuma wata dattijuwa ta hawo matakala da kanta, tana numfashi sama-sama, ta ajiye abin sawa a kunne a teburin Edita.

"'Yata, ku kuka rubuta wai sautinsa mai laushi ne? Kamar allura yake shiga min. Kwana uku kaina na sarawa."

Da ta tafi, Edita ta leƙo. "Akawu, gobe ƙarfe goma ina son rajistar nan taka a teburina."

Ana fita cin abincin rana, Akawu ya buɗe rajistar ya bi da yatsa. Daga watan Yuni, kaya sha ɗaya a jere, na kamfanoni biyar daban-daban, layin ƙarshe abu ɗaya yake faɗa: makullai ba su fito ba. Ya ɗauki abin da dattijuwar ta bari, ya sa a kunne, ya kunna. Makullan suka tsira masa kai har sai da ya runtse ido.

Ya tarar da Mai Kunne a ɗakin gwaji, ƙaramin ɗaki mai soso a bango, ya ba ƙofa baya yana rubutu da baƙin biro. Akawu ya ciro makullansa, ya girgiza su a bayan kansa. Biron bai tsaya ba. Ya matsa taku ɗaya, ya sake girgizawa. Shiru. Sai da ya taɓa masa kafaɗa ya zabura, idonsa ya sauka a kan makullan, ya daɗe a wurin.

"Tun yaushe kake tsaye?"

"Sau biyu na kaɗa su, Yaya."

Mai Kunne ya ajiye biron a hankali. "Maiɗakina ta ce na cika ƙure rediyo. Na ce mata rediyon ne ya tsufa." Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ko'ina ba. "Wa ya sani bayan kai?"

"Rajista."

"To rajista ba ta da ƙafa, sai an kai ta. Ka ce ruwa ya ɓata ta. Ko ka gyara layin nan ɗaya, wata uku kawai nake so. Yayanka ne ke roƙonka. In kunnen ya tafi, da wane suna za a kira ni a gidan nan?"

Akawu ya dube shi. Mutumin nan ne ya yi masa jinyar mahaifinsa mako guda a asibiti. Amma numfashin dattijuwar bai bar kunnensa ba.

"Ba zan goge ko ɗigo ba," ya ce. "Amma gobe ba zan shiga wurin Edita ba sai ka riga ni. Ta ji daga bakinka."

"In ban zo ba fa?"

Akawu ya mayar da makullansa aljihu, su biyun sun san amsar.

Washegari tara ta yi, kujerar Mai Kunne babu kowa. Tara da rabi, babu. Akawu ya jera fayil, ya sake jerawa. Goma saura biyar Edita ta ɗaga murya daga ofishinta.

"Akawu! Ko sai na aiko da mota?"

"Ina zuwa, ranki ya daɗe."

Ya rungumi rajistar, ya miƙe. Yana kama hannun ƙofar ya ji taku a matakala. Mai Kunne ne, gumi ya jiƙe masa riga, da takardar likitan kunne a hannu.

"Matsa, ƙanena. Babba ke shiga gaba."

Ya ajiye wa Edita takardar, ya jera biron nan uku a kai. "Ranki ya daɗe, kayan nan sha ɗaya ba su da laifi. Ni ne na daina jin makullai."

Edita ta karanta takardar, ta karɓi rajistar ta bi layin har ƙasa. "Wata bakwai kana kashe kayan mutane," ta ce. "Ka san abin da ya kamata in yi?"

"Na sani. Amma akwai shafin da ban taɓa yi wa adalci ba, na dattawa. A tsaye nake rubuta shi, don ban san yadda suke ji ba. Yanzu na sani."

Edita ta rufe rajistar. Sannan ta ɗauke baƙi da shuɗi ta jefa a durowa, ta turo masa ja. "Da sharaɗi. Za ka nemi gafarar masu karatu da sunanka, kaya sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Makullai kuma Akawu zai riƙa saurara."

An buga neman gafarar a fitowar watan Maris. Masu situdiyo ba su sake neman ra'ayinsa ba, kuma abin ya ci shi, ya yi wata biyu ba ya tsokanar kowa. Shafin ja ya tashi daga layi biyar zuwa shafi guda: wane rediyo ke fito da maganar mai labarai, wanne ke yi wa mai na'urar ji fito a kunne. Ya rubuta shi shekara uku, a zaune. Da kunnen hagu ya mutu, na dama ya bi shi, ya ajiye aikin ranar talatin ga watan Afrilun bana. Yanzu yana gida, yana gyara wa maƙwabta rediyo, autarsa ke saurara masa. Har yau Mai Kunne ake kiransa, sai dai a ɗaga murya.