Kujerar da Aka Ba Ni a Kwamitin Wasanni

Shekaru sun ɗan ja, kuma mai yiwuwa na haɗa wani zama da wani. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne, a shekarata ta ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Matameye, ƴan ƙwallo suka zaɓe ni wakilinsu a kwamitin wasanni. Ina jin don ina da rubutu mai kyau ne, tunda a filin wasa benci na fi zama.

Saƙo ɗaya suka ba ni. Kwamiti na shirin kafa doka cewa duk wanda ya rasa atisaye sau uku a cire shi, su kuma suna so in ce ba su yarda ba. Mai tsaron gidanmu kuwa ɗan ƙauyen Tsauni ne, lokacin cirar gyaɗa yakan koma gida taya mahaifinsa, ya riga ya rasa biyu.

"Kai dai ka buɗe baki," in ji shi. "In ka yi shiru irin na aji, wallahi kai za ka tsaya a raga."

Aka zauna a ofishin darakta bayan an tashi. Da darakta, da malamin wasanni da muke kira mushe, da wani Alhaji mai wakiltar iyaye, abokin mahaifina ne. Na shiga na durƙusa na gaishe su, Alhaji ya ce, "Ɗana, kai ne babban baƙon? Zauna." Na zauna a bakin kujera da takardata a hannu.

Darakta ya yi magana, Alhaji ya yi, mushe ya yi. Ni ina jiran a ce, saura kai. A gidanmu haka ake yi, yaro ba ya tsoma baki sai an kira shi. Ina tsammanin darakta ya dube ni sau ɗaya. Ko gayyata ce, ko agogon bango yake dubawa, har yau ban sani ba. Sai aka kira la'asar, Alhaji ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha. Wa zai tayar da magana bayan fatiha?

Washegari aka liƙa takarda: an amince da doka, har da wakilin ƴan wasa. Na tambayi mushe ko dama ina da ƙuri'a ne. Ya ce, "To me ka zo yi?" Amma ban tuna an kaɗa ƙuri'a ba.

Mako biyu bayan haka aka cire mai tsaron gidan. Bai sake sa safar hannu ba. Yanzu in mun haɗu a tasha yakan ce, "Ranka ya daɗe, wakili!" ya yi dariya.

In akwai wanda ya halarci zaman nan, don Allah ya aiko mini da gyara. Musamman ina so in sani ko an ba ni dama na ƙi ɗauka, ko ba a ba ni ba.