Ƙaryar da na yi wa Ismaël mai kile

Ranar Talata, 14 ga watan Mayun 2024, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Ismaël Sumana, mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a kasuwar Katako ta Yamai, yana da shekara arba'in da ɗaya. Ciwon ƙoda ne ya zama ajalinsa. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Washegari da safe aka yi masa sallah a Gamkalley. Na gaji da rubuta ta'aziyyar waɗanda na girme su, wannan kuwa ta fi sauran nauyi a kaina, domin na shekara shida ina yi masa wata ƙarya, har ya tafi ban nemi gafararsa ba.

Ismaël, ban manta ranar da na fara zuwa rumfarka ba. Na gama aikin gwamnati, na kafa tebur a Kalley ina buga wa mutane takardun neman aiki da wasiƙun ƙorafi, sai tsohuwar ordinatar da nake ci da ita ta ƙi tashi. Masu gyara uku suka ce diskinta ya mutu, in sayi sabuwa. Da me? Kai ka dube ta, ka ce, "Baba Lawali, ba ta mutu ba, kaya aka ɗora mata fiye da ƙarfinta." Ka zaro 'yar kile ta USB daga aljihu. A cikinta akwai wani ƙaramin tsari na dangin Linux wanda ko a Katako ba kowa ya san shi ba, ni kam har yau ban iya faɗin sunansa daidai. Ka soka ta a gefe, ka kunna, ka yi ta danna F12, ka zaɓi layi na biyu. Fararen rubutu suka yi ta gudu a baƙin allo, sai ga na'ura ta tashi ba tare da diski ba. Ka bar mini kilen, ka ƙi karɓar ko dala.

Ba ni kaɗai ka yi wa haka ba. Wata makarantar unguwarku ta tara na'urori goma sha ɗaya a ɗakin ajiya, ɓeraye na kwana a ciki, ka tashe takwas da irin kilenka a hutun damina guda. Abokan sana'arka suna kiranka limamin Linux, suna cewa kai kaɗai ne mai shagon da ke hana mutum sayen kaya. Dariya kawai kake yi, ka ci gaba da hura ƙura daga cikin wata tsohuwar.

Tawa tana da hali ɗaya. Duk lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, sai ta manta da kilen, ta koma neman mataccen diskinta. Ka zaunar da ni ka koya mini yadda ake nuna mata hanya. Gaskiyar da ban taɓa faɗa maka ba ita ce, tun karo na biyu na iya. Amma a shekarar ce uwar 'ya'yana ta rasu, yaran kuma duk suna Maraɗi. Masu kawo takarda suna zuwa su tafi, ba mai tambayar ko ka ci abinci. Sai na riƙa kiranka a waya: "Ismaël, ta sake mantuwa, ni ma na manta." Ka hau moto, wato babur ɗinka, ka ratso cunkoson kasuwa, ka danna abin da ba ya kai minti ɗaya, sannan ka zauna mu sha shayi muna hira. Wanda ya san bazarar Yamai ya san sau nawa kuran ke ɗaukewa a mako.

A watan Afrilu na ga ƙafafunka sun kumbura. Na gani da idona, ban daina kira ba. Kwana tara kafin rasuwarka na sake kiranka da tsakar rana. Ka zo a taksi, don ba ka iya hawa moto. Ka tashe ta, ka zauna a benci kana haki, ko shayin ba ka taɓa ba. Kunyar wannan rana ba ta sake ni ba har yau.

A wurin jana'iza liman ya roƙi jama'a, duk wanda ka yi wa laifi ya yafe maka. Kowa ya ce ya yafe. Ni kuwa ni ne mai laifin, wanda zai yafe mini kuma ga shi a cikin likkafani.

Ranar sadakar uku na nemi ganin maiɗakinka, Sa'adatu, na faɗa mata komai. Sannan ta ce, "Baba, ai ya sani. Wata rana ya koma wurinku ɗaukar hularsa, ya hango ku kun tayar da na'urar da kanku. Ya ce mini ɗan batirin da ke cikinta kawai za a canza, mantuwar ta ƙare, shi ne ya ƙi canzawa. Ya ce in ya gyara ta, wa zai riƙa leƙa tsoho?"

Na tashi na fito.

Jiya ma kuran ya ɗauke sau biyu. Na tayar da na'urar da kaina, a kanta kuma nake buga wannan takarda. Teburin yana nan, masu takardu suna zuwa suna tafiya, ni dai na gaji.

Allah ya jiƙanka, Ismaël. Allah ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sa'adatu, da 'ya'yansa Hawa da Mariyam, da mahaifiyarsa, da dukan masu gyara na Katako. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Wanda ya karanta wannan kuma, ya sa ni cikin addu'a. Sa'adatu ta ce ya san ƙaryata ya kuma ɗauke ta. Ba ta ce mini fitar nan ta ƙarshe cikin rana ba ta ƙara masa ciwo ba, ni ma ban iya tambayarta ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya, amin.