Ranar da Sali Ya Tsayar da Mota a Bakin Falez

Ban taɓa mantawa da safiyar da Sali ya kira ni daga bakin falez ba. Tsofaffin cikinku sun san labarin, amma ku sababbin shiga ba ku ji shi daga bakina ba, don haka ku matso.

A lokacin ni ne shugaban direbobin ajans ɗinmu, wato kamfanin motocin fasinja, a nan Garwa, wanda kowa ke kira Shef. Shef ne ke raba wa direbobi hanya, shi ke gwada sabon direba, shi ke duba idon mutum da safe kafin a ba shi mota. In wani abu ya faru a hanya, shi ake fara kira kafin mai kamfani.

Falez kuwa, ga ku 'yan ofishin tikiti da ba ku cika bin hanyar ba, gangaren dutse ne bayan an baro Ngawundere kafin a kai Mbe. Titin nannaɗe yake a jikin dutse, kwana na bin kwana, hannu ɗaya dutse, ɗaya hannun rami. Ƙa'idarmu ita ce direba ya tsaya a sama, ya duba iskar burki, ya sa ƙaramar giya, sannan ya gangara a hankali. Wanda ya dogara da burki kaɗai, burkin zai yi zafi ya ƙi kamawa.

Sali ɗan Garwa ne. Kakansa fatauci ya kawo shi daga Kano, kuma duk gidansu yadi suke sayarwa a kasuwa, shi kaɗai ya zaɓi sitiyari. Hannunsa na da sanyi a mota. Tsofaffi kan zo wajen tikiti su ce su motar Sali suke jira, ko da za ta makara.

Tun farkon daminar shekarar na ga ya fara zubewa. Ya daina zama cin abinci da mu a rumfa, sai kofi da goro. Yana yawan dafe ciki, aljihunsa cike da ƙwayoyin da ake talla a tasha. Da na tambaye shi sai ya ce, "Gyambon ciki ne kawai, Shef, ina shan magani."

Ranar da abin ya faru ina Ngawundere, na je gwada sababbin direbobi. Jirgin ƙasa ya iso daga kudu da safe, motar Sali ta cika maƙil ta tashi. Ina cikin duba wani yaro yana juya mota da baya sai wayata ta yi ƙara.

"Shef, na tsaya. Ina bakin falez. Ba zan iya sauka ba."

Na ce, "Me ya sami motar?"

"Motar ƙalau take. Ni ne. Ƙirjina zai fashe, Shef. Ina jin mutuwa zan yi."

Na ce ya ja burkin hannu, ya kashe inji, a sa duwatsu a bayan tayoyi, kada kowa ya taɓa motar. Na ɗauki ƙaramar motar ofis na bi shi.

Na tarar da fasinjoji sun firfito sun cika gefen titi. Wani mai kwat yana ta faɗa da Faransanci, wai direba ya bugu, zai kai ƙararmu wajen jandarma. Sali na zaune a kan dutse a bayan motar. Garin akwai sanyin hadari, amma rigarsa sharkaf da gumi, numfashinsa sama-sama. Na durƙusa na shinshina bakinsa kamar yadda aiki ya ce a yi. Babu warin komai.

Wata tsohuwa ce a tsaye a kansa tana yi masa fifita da gefen zanenta. Manomiya ce daga ƙauyukan kan dutse, da ɗan gicciye a wuyanta. Ta juya ta dubi mai kwat, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Kai, ka yi shiru. Da ya sauka da mu a haka, da yanzu wa zai ji ihunka?"

Ni na tuƙa motar na sauko. Sali na kujerar bayana, ya rufe kansa da tawul. Da muka iso wata kwana mai kaifi a tsakiyar gangaren, na ji ya saki wani nishi kamar an soke shi. A Mbe na shiga da shi ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya auna shi ya ce jininsa ya hau, zuciya na gudu amma tana lafawa, lalle a kai shi babban asibiti a bincika.

Washegari mai kamfani, Alhaji Mamuda, ya kira ni ofis.

Ya ce, "Shef, direban da ya ajiye mini mota cike da mutane a daji, me zan yi da shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a sama ya ajiye ta, ba a cikin rami ba."

"Gobe fa in abin ya kama shi a tsakiyar gangare? Rayukan mutane ne, ni da kai za a tambaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma na gaya masa haka. Na ce ba zan sake ba Sali babbar hanya ba sai likita ya yarda, ni ma na yarda. Amma in aka kore shi yau, duk direban da ke tashar nan zai koyi abu ɗaya: ko kana mutuwa kada ka tsaya. Alhaji ya daɗe yana juya carbinsa, sannan ya ce, "Na bar shi a hannunka. In ya ɓaci, da kai."

Na raka Sali asibiti da kaina. Likitar da ta duba shi, Dokta Marta, ta sa aka auna zuciya, aka ɗebi jini, aka duba ciki. Da sakamako ya fito ta ce zuciyarsa lafiya lau. Cikin ya ɗan yi rauni, jinin kuma na hawa yana sauka. Sai ta ajiye alƙalami ta ce, "Malam Sali, yaushe rabonka da barci mai daɗi?"

Ya ce an daɗe.

Ta ce, "Me ka gani a hanya?"

Na yunƙura zan fita, ya riƙe hannuna ya ce in zauna. Nan ya ba da labarin Buba. Buba direban motar shanu ne, tare suka koyi mota a hannun maigida ɗaya tun suna samari. A ƙarshen rani burkinsa ya tsinke a wannan kwana mai kaifi ta tsakiyar gangaren. Duk tasha mun ji labarin hatsarin, mun kuma je gaisuwa. Abin da ban sani ba shi ne motar Sali ce ta fara isowa wurin. Shi ya jawo Buba daga cikin ƙarfe, a kan cinyarsa ya cika. Daga nan ya wanke hannunsa da ruwan gora, ya koma kan sitiyari ya kawo fasinjojinsa Garwa. Da gari ya waye ya sake ɗaukar hanya, bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Ya ce tun daga ranar, in ya doshi falez sai bakinsa ya bushe, cikinsa ya murɗa. In ya kwanta sai ya ji ƙafarsa na taka burkin da ba ya kamawa.

Dokta Marta ta yi mana bayani a sauƙaƙe. Ta ce in mutum ya firgita, jikinsa kan shirya gudu: zuciya ta buga da sauri, jini ya hau, ciki ya daina aikinsa, jijiyoyi su ɗaure. In haɗarin ya wuce sai jiki ya saki. To jikin Sali bai saki ba, watanni yana a ɗaure, shi ya cinye masa ciki ya hana shi barci, kofi da goro kuma suna ƙara zuga abin. Ta ce, "Ciwo ne na gaske, sunansa fargaba. Ba ragwanci ba ne, ba kuma taɓin hankali ba. Yana warkewa."

Ta ba shi maganin ciki, ta hana shi ƙwayoyin tasha, ta ce ya rage kofi. Ta koya masa jan numfashi ta hanci a hankali, ya riƙe kaɗan, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja. Ta haɗa shi da wani ma'aikacinsu da zai riƙa zama da shi duk mako suna magana. Sali ya ce mahaifiyarsa ta sa ana yi masa addu'a. Ta ce ya ci gaba, ya haɗa da wannan. Ni kuma ta ce mini kada a raba shi da mota gaba ɗaya, kada kuma a jefa shi falez gobe. A bi da shi mataki-mataki.

A bakin ƙofar asibiti ya ce, "Shef, don Allah kada a ji a tasha. Cewa za su yi iska ta taɓa ni." Na ce daga bakina ba za a ji ba.

Na fara da ba shi aikin cikin gareji, yana kai motoci wajen wanki da shan mai. Bayan la'asar mukan taka a ƙasa zuwa bakin kogin Binuwai mu dawo. Da barcinsa ya fara daidaita na ba shi ƙaramar mota a hanyar Lagdo, ina zaune a gefensa. Fasinjojin hanyar yawanci mata ne masu sarin busasshen kifi. Sau ɗaya abin ya taso masa muna dawowa. Na ga wuyansa ya jiƙe. Ya sa sigina ya gangara gefe, ya dafa sitiyari yana jan numfashin nan. Wata daga baya ta ce, "Direba, warin kifinmu ne ya buge ka?" Matan suka kwashe da dariya, shi ma sai da ya murmusa. Da ya lafa ya ce, "Shef, ya zo ya wuce, ban mutu ba." Ya tayar da mota.

Falez ce ta ba mu wuya. Karon farko da muka je da babbar mota babu fasinja, ya duba iska, ya sa giya, sai ya kasa ɗaga ƙafa daga burki. Ya sauka ya ba ni wuri, hawaye na zubo masa. Ni na tuƙa muka dawo Garwa. Ni kaina a ranar na fara tunanin abin da zan gaya wa Alhaji. Da ya koma wajen mai zama da shi, sai aka ce masa wannan ma cikin hanyar warkewa yake, a sake gwadawa.

Muka koma bayan ruwa ya ɗauke. A wannan karon ya saki burki. Motar ta fara gangarawa, inji na gurnani a ƙaramar giya, ina jin numfashinsa yana shiga yana fita. Ya sha kwanar Buba kamar yadda ya saba shan ta shekara da shekaru. Ƙasa kaɗan akwai fili a gefen titi, ya tsaya. Muka sauka muka yi wa Buba addu'a. Ya kalli ramin, sannan ya ce, "Mu tafi, Shef." Shi ya tuƙa har Mbe lafiya lau.

Likita ta yarda, ni ma na yarda, Alhaji ya mayar masa da motarsa. Ranar da zai fara ɗaukar fasinja, wani direba a rumfa ya ce cikin zolaya, "A tanadi mai fifita a bakin falez." Na buɗe baki zan tsawatar, Sali ya ɗaga mini hannu. Ya miƙe a gaban kowa ya faɗi komai da bakinsa, tun daga Buba har asibiti. Ya ce, "Tsoro ya kusa cinye mini ciki. In akwai mai jin irin wannan a cikinku, ya zo in nuna masa ƙofar da na bi." Babu wanda ya yi dariya.

Cikin makonnin da suka biyo baya mutum biyu suka same ni a keɓe. Ɗaya tun da 'yan fashi suka tare shi a hanyar Touboro yake fama da ciwon kai da gudawa duk ranar tafiya. Ɗayan kuwa mai zolayar nan ne. Sali ne ya raka su asibiti. Daga nan na kai wa Alhaji shawara ya amince, ita ce dokar da kuka tarar: direban da ya yi hatsari ko ya tarar da shi, sai ya huta ya ga likita kafin ya koma hanya, kuma wanda ya tsayar da mota don jikinsa ba daidai ba, ba a hukunta shi.

Na yi shekaru ina duba taya da burki da idon direba, sai a kan Sali na koyi cewa abin da mutum ya haɗiye ya yi shiru, jikinsa ne ke biya. Mu direbobi muna ganin abin da mutane da yawa ba sa gani, kuma an koya mana mu wanke hannu mu koma kan sitiyari. Na horar da masu gudu, na horar da masu iya kwana, amma in aka tambaye ni direban da na fi alfahari da shi, wanda ya san ranar da bai kamata ya sauka gangare ba zan nuna. Ku ma in ranarku ta zo, ku gangara gefe ku ja burkin hannu. Ku kira, za a zo.