Bangon Gabas da Garar Malam Sule

Duk wanda ya san Malam Sule kafinta a Janfalan ya san ba ya zama a kan benci sai ya ƙwanƙwasa shi. Zai lanƙwasa ɗan yatsa, ƙwas, ƙwas, ya kara kunne, sannan ya sunsuna. Ƙofar masallaci, amalanke, teburin mai shayi, babu wanda ya tsira. Yayata Hansatu yake aure, don haka ni Ado abokin wasansa ne, kuma na sha tsiyarsa fiye da kowa. Shi yana ce min Sarkin Gaggawa, mu kuma duk gari muna ce masa Sai-an-gwada, don komai ka tambaye shi amsar ke nan.

Kun tuna ɗaurin auren da muka je a Kudan? Aka nuna masa benci a gaba, wurin manya. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara, sai ya koma gefe ya zauna a ƙasa.

Uban ango ya ce, "Haba Malam Sule, ga wuri!"

Ya ce, "Na gode, Alhaji. Masu wurin suna ciki."

Ba wanda ya gane. Wasu dillalan rake su uku, masu tumbi, suka baje a kai. Liman bai kai ga shafa Fatiha ba sai ji muka yi ɓaras, manyan riguna a ƙasa, ƙafafu a sama! Mutane na salati, Malam Sule kuwa ko dariya bai yi ba. Ya tsugunna ya ɗauki karyayyar ƙafar bencin, ya leƙa ramukan da gara ta yi, ya zura ta a aljihu. Da ita ya koma gida a maimakon goro.

To, abin da ya haɗa mu rigimar shekara uku shi ne ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Ɗakin ƙasa ne, marigayi Baba ya gina shi da hannunsa, kuma Inna ta rantse ba inda za ta sai dai a fitar da ita. Kun san yadda hadari ke tasowa daga gabas ya yi ta dukan bango. Kowace damina sai ruwa ya zaftare bangon gabas ɗin nan, har ya zama idan ka kara tafin hannu daga ciki kana jin danshi. Tsoronmu kada wata rana ya rufta mata.

Malam Sule ya zo ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsugunna a ƙofar ɗaki kai a sunkuye, ya ce, "Inna, zan kafa azara, in lulluɓe bangon da falankin katako, kowane ya hau kan na ƙasa da shi, ruwa ya riƙa zamewa. Amma a ba ni damina uku."

Na ce, "Damina uku? Itacen za ka shuka?"

Ya ce, "Sarkin Gaggawa, wane katako zan sa? Sai an gwada."

Inna daga ciki ta ce, "A bar Malam ya yi aikinsa."

Gwajin kuwa, kai jama'a! Ya yanko guntaye iri biyar: malaina, maɗaci, doka, turare da darbejiya. Wasu ya jiƙa su a baƙin man mota, wasu ya bar su haka. Ya yi wa kowane tsaga da zarto, ɗaya, biyu, har biyar, don ya ce fenti gogewa yake. Rabi ya bubbuga su a bangon gabas na gidansa, ruwa da rana su yi ta cin ƙaniyarsu. Ɗaya rabin ya binne a gindin wani ƙaton suri da ke bayan gidan.

Surin nan sau nawa Yaya Hansatu tana roƙo a rushe shi! Ya ce, "Ki rufa min asiri. Ma'aikatana ne. Ba sa hutun Sallah, ba sa karɓar cin hanci, kuma ba su taɓa yi min ƙarya ba." Da rani har ruwan wanke-wanke yake kai musu, wai kada su yi fushi su ƙaura.

A shekara ta biyu ya ɓamɓaro guntun turare daga bango don ya duba shi, ya ajiye a tsakar gida ya tafi masallaci. Yaya kuwa itace ya ƙare mata ana tsakiyar tuƙin tuwo. Ya dawo ya tarar da aikin wata goma sha huɗu a ƙarƙashin tukunya. Ina nan zaune, na ce yau za a yi ta. Ya ƙura wa murhu ido.

Ya ce, "Hansatu, nan da nan ya kama, ko sai da kika hura?"

Ta ce, "Ko hurawa ban yi ba, Malam."

Ya ce, "Alhamdulillahi! Madafin Inna yana jikin bangon da za a lulluɓe. Turare ya faɗi jarrabawa. Gobe zan kawo miki doka."

Ni dai haƙurina ya ƙare. Wata ranar kasuwar Makarfi na ci karo da wani matashi mai sayar da falankai masu sheƙi, santsi kamar faranti, da takarda mai hoto a hannunsa. Ya ce an gwada su a ƙasar waje, a ɗakin bincike, ruwa da ƙwari duk sun sallama. Na cika amalanke biyu, aka sa min a mota, na sauke a ƙofar Malam Sule ina hura hanci.

Ya ƙwanƙwasa, ya sunsuna, ya juya takardar sama da ƙasa. Ya ce, "Ban ƙaryata su ba, sun yi gwajinsu. Amma garar can aka tambaya ko ta Janfalan?"

Na ce, "Gara ai gara ce!"

Ya ce, "Kai ma mutum ne, Bature ma mutum ne. Ci ɗaya kuke yi?"

Inna ta hana a taɓa mata bango, sai na huce a kan shagona na taki da iri. Na sa aka lulluɓe shi tsaf, masu acaɓa har tsayawa suke suna kallo. Bayan damina ɗaya, ina tsaye ina yi wa mutane bayanin kyan katakon, na jingina da shi. Wallahi sai ga ni a cikin shago a kan buhun taki! Fentin kawai ke tsaye, ciki duk ƙasa. Labari ya kai wa Malam Sule, ya zo da sauri a kan tsohon kekensa. Na zaci jaje ya zo yi.

Ya ce, "Sannu. Wata nawa ke nan da bugawa? Faɗa min daidai."

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, duk shekarun nan kafin ruwan farko shi ke zuwa ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe bangon Inna, ya jingina zana biyu ya ɗaɗɗaure. Idan an yi ruwa mai iska, da sassafe za ka ga sawun kekensa a bayan ɗakin.

Damina ta uku, dawa ta fara fitar da kai, ya kwanta ciwon kwana shida. Saura 'yan makonni a tone gwajin, Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar arba'in Yaya ta miƙo min fartanya, ta ce ya bar wasiyya ni zan tone. Na je gindin surin ina tono ina share ido. Malaina ta zama gari. Doka saura ɓawo. Darbejiya rabi. Sai fartanya ta daki wani abu, ƙwas. Na zaro shi baƙi ƙirin, na goge da bakin riga, tsaga biyu: maɗacin da ya sha baƙin mai, ko cizo ɗaya babu. Na duba ɗan'uwansa na jikin bango, shi ma bai tsage ba, bai lanƙwashe ba.

Yaya ta ce in biyo ta rumfar aikinsa. Ta yaye wani tsohon tamfol. Falankan maɗaci ne jere, an jiƙa su a mai, an yanke su daidai awon bangon Inna, kowane da lambarsa.

Ta ce, "Tun bara ya gama su."

Na ce, "Tun bara? To me ya hana shi bugawa?"

Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce zato yake yi maɗacin ne, bai tabbatar ba. Ya ce ba zai buga wa Inna zato a bango ba."

Na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Wani kafinta muka ɗauko daga Ikara ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ko zarto bai ɗaga ba. Bana an yi wani ruwa da iska da ya kwashe rufin gidaje a unguwarmu. Gari na wayewa na ruga gida, na tarar da Inna a bayan ɗaki da sandarta. Ta lanƙwasa ɗan yatsa, ƙwas, ƙwas, ta kara kunne a jikin katakon. Ta daɗe a haka, sannan ta ce, "An gwada, Malam."

Surin yana nan, na hana kowa taɓa shi. Allah ya jiƙan Malam Sule, ya yafe masa kurakuransa, ya lulluɓe shi da rahama yadda ya lulluɓe wa tsohuwarmu ɗakinta. Amin.