Bindigar Baba Ernest Mai Cin Gyaɗa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan hayarmu na unguwar Arawa a Gombe ya san Baba Ernest, ko yana so ko ba ya so. Mutumin Kaltungo ne, dogo, mai gashin baki kamar tsohuwar tsintsiya, ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya. Abin da ya fi ƙauna a duniya bayan matarsa Mama Dokas shi ne bindiga, kuma don kara kawai na sa Mama Dokas a gaba. Sai dai fa ba shi da bindigar. Wadda ya riƙe a wurin aiki ta hukuma ce, ranar da ya ajiye kaki suka karɓe abarsu, suka bar shi da ɗamarar harsashi da manyan takalma da fitilar goshi. Har yau yana ɗaura ɗamarar, amma batiran rimot yake jerawa a ramukan harsashin.

Ni Hamida ɗinki nake yi, ƙofar ɗakina kuma tana kallon barandarsa, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Kullum bayan la'asar, in akwai wuta, zai fito da talabijin ya ɗora a kan benci, abokan hirarsa biyu su iso. Na farko Baba Noah, tsohon ɗan sanda, wanda in yana ba da labarin aiki sai ka rantse shi kaɗai ya tsare Arewa. Daga baya muka gano a sashen badujala ya ƙare aikinsa, begila yake busawa. Na biyu Salahuddeen mai ɗaura dish ɗin talabijin, magidanci da 'ya'yansa, wanda ya san sunan kowace bindiga a duniya amma ko ta toka bai taɓa riƙewa ba. Duk iliminsa a waya yake.

Fim ɗin yaƙi suke kallo, amma ba labarin ne ya dame su ba.

"Ƙarya ne wannan!" in ji Baba Ernest, yana nuna talabijin da rimot. "Mai baki biyu ce a hannunsa. Ya kashe rabin gari bai ɗura harsashi ba."

"Oga, ai ya ɗura lokacin da aka sa talla," in ji Baba Noah.

"Baba, sabuwar modal ce fa," in ji Salahuddeen. "Na gani a waya, otomatik ce."

"Kai rufe mana baki da otomatik. Ka taɓa jin warin albarushi?"

Daga nan sai a koma kan takalmi, wanne ne maciji ba ya hudawa. Sai a koma kan man da ya fi dacewa da goge bakin bindiga, su yi ta musu har jijiyar wuya ta tashi, alhali duk cikinsu babu mai bindigar da zai goge. In sun gaji, Baba Noah ya kawo zancen karensa, wai jinin karnukan farauta ne, kakansa ya taɓa tsayar da gwanki. Karen nan da idona na ga talotalon maƙwabta ya kora shi har cikin kwata. Ni ina kan keken ɗinki ina jin su, wani lokaci haushi ya kama ni, wani lokaci in yi dariya har in karkace ɗinkin mutane.

Na huɗunsu a majalisar aku ne. Baba Ernest ya samo shi wurin wani direban babbar mota da ke zuwa Mambila, toka-toka mai jan wutsiya, ya sa masa suna Kofur. Kejinsa yana rataye a reshen mangwaron tsakar gida, daidai inda yake hangen talabijin. Akun mutane yana koyon sallama, yana koyon "sannu da zuwa". Kofur bai ga abin koyo ba sai harbi.

Da fari ƙaramar bindiga ya iya, tau, tau. Baba Ernest ya kusa yin hawaye don murna. Da ya iya mai baki biyu, har da ɗan ƙaras ɗin nan na karya ta a ɗura harsashi, sai majalisa ta zauna ta ƙara masa girma zuwa Saja, ko da yake bakin kowa ya riga ya saba da Kofur. Ranar da ya saki ta mai jigida kuwa, kajin gidan suka haura katanga, wani mai sayar da yalo ya bar tirensa a ƙofar gida bai dawo ba sai washegari. Su kuwa dattawan nan tafi suke yi, suna gardamar ko ta Rasha ce ya kwaikwaya ko ta Amurka.

Mu mutanen gida mun saba. In ya fara ɓarin wuta, Mama Dokas takan leƙo ta ce, "Kofur, Allah ya shirye ka," ta koma kan tukunyarta. Ta taɓa gaya mini cewa tun da 'ya'yansu suka watse, wannan Jos, wannan Abuja, maigidan ba ya cin abin kirki sai tsuntsun nan yana kusa. Da safe tare suke karyawa, shi da kunu, Kofur da gyaɗa da jan barkono. Yana ba shi labarin daji tun daga farko, labaran da ita ta haddace har ta gaji. "Ya ɗauke mini aiki," in ji ta. Gaskiyar magana, tsohon nan yana son akun kamar ɗan cikinsa.

Ana nan sai ɗakin ƙurya ya samu sababbin 'yan haya. Wakil sunan maigidan, mutumin Borno, mai sayar da huluna, shi da matarsa da mahaifiyarsa Ya Kaltum. Rikici ne ya taso su daga garinsu, kuma kafin su iso Gombe sun zauna wurare da yawa. Ya Kaltum 'yar siririyar tsohuwa ce mai tsafta, kullum ɗakinta ƙamshin turaren wuta, Hausarta kaɗan-kaɗan. Babu wanda ya tuna ya gaya musu halin Kofur. Shi ma ɗan banzan ya yi lamo a kwanakin farko, yana karkata kai yana kallon baƙi.

Wata la'asar ina tsugune kusa da ita a bakin famfo, tana tsintar shinkafa a faranti, majalisa tana musu a kan ko harsashi yana tafiya a cikin ruwa. Kawai sai Kofur ya buɗe wuta da mai jigida. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Tsohuwar nan da iska za ta iya ɗauka ta fizge ni ta kwantar, ta danne kaina da tafin hannunta, ta rufe ni da jikinta. Shinkafa ta watse ko'ina. Na fara dariya, ina cewa, "Ya Kaltum, tsuntsu ne!" Dattawan ma suka kwashe da dariya. Sai na ji yadda jikinta yake karkarwa a bayana, tana ta kiran wasu sunaye da Barbarci, sunayen da babu masu su a gidanmu. Nan take dariyar ta ɗauke. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Tun daga ranar ta daina fitowa tsakar gida. Matar Wakil ta ce ko a ɗaki ba ta runtsawa, tana zaune tana jiran ƙarar. Wakil ya zo ya durƙusa gaban Baba Ernest.

"Baba, ba ƙara na kawo ba. Mu muka same ku. Zan nemi wani ɗakin, ko a can unguwar Hammadu Kafi ne."

"Ka sake kwasar tsohuwa ku tashi?" in ji Baba Ernest. "Saboda tsuntsu? A'a, ɗana. Ka ba ni lokaci, ni na koya masa, ni zan sauke masa."

Nan aka shiga gyaran tarbiyyar Kofur, kuma ban taɓa ganin wahalar banza irin wannan ba. Aka haramta fim ɗin yaƙi a gidan. Manyan mutane uku masu ji da kansu suka koma kallon shirin girke-girke. Amma hali ba ya ɓuya.

"Dubi yadda ta riƙe wuƙar nan," in ji Baba Noah. "Wallahi a fareti da an kore ta."

"Albasar ma ba ta soyu ba ta zuba tumatir," in ji Baba Ernest. "Babu horo."

Daga girki suka koma fina-finan Indiya na fassara. Nan Kofur ya nuna shi ɗalibi ne. Cikin ɗan lokaci ya iya kukan jarumar, da shessheƙa da komai, har maƙwabta suka aiko a tambaya ko lafiya. Aka gwada tashar namun daji, ya ɗauko kukan kura. Ya iya tarin janareton Salahuddeen, ya iya muryar Mama Dokas tana cewa "Ernest, gas ya ƙare," har sau da yawa tsohon ya saɓa tukunyar gas ya kai bakin titi kafin ya gane. Duk ya ƙara a kan abin da ya sani, amma bai zubar da ko ɗaya ba. Yana gama kukan Indiya sai ya rufe da harbi, kamar ya gaji da jarumar.

Salahuddeen ya ce ya gani a waya, in aka rufe keji aku yana yin shiru. Aka lulluɓe shi da zanen cocin Mama Dokas. Harbin ya ci gaba da fitowa daga ƙarƙashin zane, a dushe. Baba Noah ya saurara da kyau ya ce, "Oga, ai yanzu ka sa masa salansa ne." Aka kai shi cikin ɗaki, ƙarar ta haɗu da kwanon rufi ta fi da. Majalisa ta zauna ta rage masa girma zuwa kurtu. Ko a jikinsa.

Da dabara ta ƙare, Baba Ernest ya ce a gabatar da su ga juna, wataƙila in ta gan shi da kyau tsoron zai tafi. Ya ɗauki kejin ya yi sallama a ƙofar Ya Kaltum, ni ina biye don in taya fassara da hannu.

"Mama, dubi, ɗan tsuntsu ne. Gyaɗa yake ci. Ko kunamar bindiga ba shi da ita."

Ta leƙo, ta dubi Kofur, har ta yi ɗan murmushi. Ta miƙa masa ƙwayar gyaɗa ya karɓa da ladabi, munafuki.

"Na sani tsuntsu ne, ɗan'uwana," ta ce a hankali. "Kaina ya sani. Ƙafafuna ne ba su sani ba."

Baba Ernest ya juya da keji a hannu. Da yamma na ji shi yana waya da ƙanen Mama Dokas da ke noma a wajen Tula, wanda birai suka addabi masararsa, yana ce masa ya samo masa mai korarsu.

Ranar tafiya majalisa ta yi abin da ta saba, wato shirme. Suka ce ba kora ba ce, canjin wurin aiki ne, kuma ba a tura soja bakin daga da ƙaramin muƙami. Nan take aka ɗaga Kofur daga kurtu zuwa Manjo. Baba Noah ya zo da begilarsa, amma da ya tuna da Ya Kaltum sai ya sa ta a baki ya kumbura kumatu bai busa ba, Salahuddeen yana ƙame da hannu a goshi. Babbar damuwar ita ce hanya, domin in Manjo ya saki mai jigida a shingen bincike, babu wanda zai tsaya tambayar ko tsuntsu ne. Mama Dokas ta cika ledar gyaɗa ta ce kada a bar bakinsa ya huta har a isa. Baba Ernest ya ɗaure takalmansa, ya rungumi kejin, ya shiga Keke Napep zuwa tasha yana ɗura wa tsuntsu gyaɗa ɗaya bayan ɗaya. Na yi dariya, amma tausayinsa ya cika mini ciki.

Sai washegari da la'asar ya dawo, hannu wayam. Daga yadda ya turo ƙofar gida na san a hanya ya yi kukansa ya share. Ya tako zai wuce barandarsa, sai ya tsaya cak.

Ya Kaltum ce kwance a kan tabarma a tsakiyar tsakar gida, ta yi matashi da hannunta, mayafi ya zame, baki a ɗan buɗe, tana barci har da minshari. Kaji suna kiwo a gefen ƙafarta. Matar Wakil ta matso kusa da shi ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, tun da muka baro gida ban ga ta yi barci a waje ba."

Tsohon ya dube ta, ya dubi mai barcin. Sai ya sunkuya a hankali ya kwance igiyar manyan takalman nan, ya cire su ya riƙe a hannu, ya zagaye tabarmar da safa, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ruwa. Daidai nan Baba Noah ya faɗo gidan da muryarsa ta fareti, "Oga! Yaya Manjo ya..."

Baba Ernest ya juyo da jajayen idanu, ya ɗora yatsa a baki.

"Cire takalminka," ya ce da raɗa. "Mama tana barci."