Da Hannuna Na Goge Muryar Habboba

Ranar da na fara ganin baƙin allon nan, fararen haruffa suna zuba a kansa kamar yayyafi, ina ɗaliba a wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta a Gadarif, kaina cike da littattafan soyayya. Kwamfutar ta wani malaminmu ce mai sanyin murya. Ya ce mana sunan tsarin Linux, kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara, ba irin na manyan kamfanoni ba da za su sayar maka da ɗaki su riƙe makullin. Har yau ban san ko maganar ce ta tafi da zuciyata ko mai maganar ba.

A lokacin kawuna ya tafi Fashaga girbin riɗi, ya bar mini ajiyar kwamfutarsa. A cikinta akwai muryar Habboba, kakarmu, wadda ya shekara biyu yana ɗauka kafin ta rasu: yadda iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, garuruwan da suka yada zango, sunayen waɗanda aka binne a hanya. Na san babu kwafi a ko'ina. Amma burina in shiga aji da Linux a gabana malam ya dube ni. Sai na shiga ɗora Linux a kan kwamfutar kawu. Da allon ya tambaya ko a share faifan ajiyarta gaba ɗaya, ban tsaya karantawa ba, na danna.

Kawu da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya dai tambaye ni ko na riƙe wani abu a ka daga labarin. Ban riƙe ba. Na garzaya wurin malam ina kuka, ya yi dariya ya ce kowane gwani da haka ya fara, in manta kawai. A nan soyayyar ta mutu.

Ban manta ba. Na rufe kwamfutar, na hana kowa taɓa ta, na shiga zaurukan masu Linux a intanet da guntun Turancina. Mutanen da ban taɓa gani ba suka koya mini yadda ake tono abin da aka share. Wata huɗu na yi, har na rubuta ɗan shirina na farko don tace dubban fayiloli marasa suna. Kusan rabi na ceto.

Har gobe Linux nake amfani da shi, kuma zan yi musu da kowa a kansa. Sai dai 'yan'uwa, tsarin da ya ba ku 'yanci ba zai riƙe muku hannu ba. Kada ku koyi aiki a kan amanar wani, kada ku danna abin da ba ku karanta ba don wani ya yaba.

Kawu yanzu ya bar noma, idonsa ya yi rauni. Ni nake kai shi garuruwan Showak da Ƙala'at an-Nahal wurin tsofaffin da iyayensu suka biyo ayari ɗaya da namu, yana tambaya, ina ɗauka. Ba ya yarda mu tashi daga tabarma sai na rantse masa na yi kwafi uku.