Jiniyar Ƙarshen Layi

Shekara talatin da ɗaya ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Baba Jiniya a gida ba. Yakan ɗaure tsaninsa a gefen wani tsohon babur, ya rataya jakar da ta sha faci har an manta asalin launinta. A ciki akwai filaya, sukudireba biyu, alli, da mitar gwada wuta wadda gilashinta ya tsage ya naɗe da salatif. Aikinsa jan waya ne da kafa jiniyar gobara da fitilunta, jajayen akwatunan nan da kuke wucewa a bangon asibiti da makaranta ba ku ɗaga kai. In hayaƙi ya tashi, jiniya ta kwarma ihu, fitila ta shiga walƙiya, mutane su fita da ƙafafunsu. In bai tashi ba, ba mai tuna wanda ya kafa su.

Na san shi a masana'antar ɗinki inda na yi shekara tara ina kula da hawa na uku. Mutum ne mai saurin dariya da jinkirin aiki. Sai ya auna tsayin kowace fitila da igiya, ya yi alama da alli, ya sauko daga tsani, ya koma can nesa ya zauna a kujerar mai ɗinki don ya ga ko tulin yadi zai kare ta. Masu ɗinki su yi ta tsokanarsa.

"Baba, kai da fitilar nan sai ka ce kwalliya kake mata."

"Ku bar ni," in ji shi. "Ranar da za ta yi amfani ba na nan."

Shi ya nace sai an saka fitila a ɗakin guga da banɗakin mata, wuraren da ba a zana a takardar aiki ba. Akwai kurame huɗu a cikin masu guga, shi kaɗai ya lura da haka. Da mai masana'anta ya ce jiniyar baranda ta isa, Baba ya miƙa masa auduga ya ce ya toshe kunnuwansa ya shiga ɗakin, sannan ya kunna jiniyar. Mutumin ya fito bayan minti biyu yana tambaya ko an fara gwajin. Washegari aka kafa fitilun.

Amma abin da aka fi saninsa da shi ƙarshen layi ne. Ga yadda ya bayyana mini, ni da ban san komai a harkar wuta ba. Waya takan fito daga babban akwatin da ke ƙofar shiga, ta bi jiniya bayan jiniya har ta kai ta ƙarshe. A cikin ta ƙarshen ake ɗaura wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Muddin akwati yana jin ɗan ƙarfen, fitilarsa kore ce. In waya ta tsinke a hanya, sai ya kunna rawaya ya dami kowa da ƙara. Malalacin ma'aikaci yakan ɗaura ɗan ƙarfen a kusa, akwati ya yi ta nuna kore alhali rabin layin matacce ne. Baba ya tsani wannan aikin kamar mutuwarsa. Duk ranar gwaji sai ya taka da ƙafarsa har jiniya ta ƙarshe, ya tsaya ƙarƙashinta tana ihu, ba auduga ba komai, sai ya ji ta sannan ya sa hannu a takarda. A haka kunnuwansa suka ƙare a hankali, na hagu ya riga na dama.

A wurinmu ƙarshen layi yana cikin sito, wani dogon ɗaki mai ƙofar ƙarfe a ƙuryar hawa na uku. Jiniyar da ke kafin ta ƙarshe kuwa a saman teburina take.

Wata Talata da hantsi gobara ta tashi daga ɗakin injin yanka. Jiniyoyi suka ɗauka, fitilu suka yi ta walƙiya. Mutum ɗari biyu da sha huɗu suka sauko lafiya. Kuramen nan huɗu suna cikin na farkon fita, ɗayarsu daga banɗaki ta ga walƙiyar ta gudo ba takalmi. Mutum ɗaya ne bai fito ba. Mai sito, dattijo mai 'ya'ya biyar, ya rufe ƙofarsa yana jera bandir ɗin yadi. Jiniyarsa ba ta yi kuka ba, fitilarsa ba ta haska ba. Hayaƙi ya same shi kafin masu kashe gobara su kai gare shi.

Wayoyin wannan ɓangaren sun narke, ba abin da ya rage da za a bincika. Ba wanda ya tuhumi Baba. Shi ya tuhumi kansa. Ya zo ta'aziyya ya durƙusa gaban matar mai sito, da muryar nan mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe mini. Wata uku da suka wuce na tsaya a siton nan na ce na ji jiniyar. Ashe kunnena ne ya yi mini ƙarya." Daga wannan rana bai sake hawa tsani ba. Shekara biyu ke nan.

Yanzu da safe yakan fito da jakar ya zauna a bakin ƙofa, ya goge kayan aikin ɗaya bayan ɗaya ya mayar. Matarsa ta ajiye masa littafi da biro, duk mai magana da shi sai ya rubuta. Ta ce mini, "Ka ga mutumin da ya cika gari da ƙara, a gidansa sai an taɓa kafaɗarsa." Ta faɗa da dariya, amma ta juya ta share ido da gefen mayafi. Ta ce abinci ma sai ta tsaya a kansa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Baba, kai ne ka ga kuramen da mu masu aiki da su kullum ba mu gani ba. Kai ne ka ba da kunnuwanka don mutanen da ba su san fuskarka ba su ji. Na zo in jinjina maka, amma jinjinata ba za ta tsaya ba sai na faɗi abin da ya hana ni barci.

Kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Ranar gwajin ina tsaye a ƙofar sito, jiniyar ta yi ihu har haƙorana suka amsa. Sati uku bayan haka tururin guga ya riƙa tayar da jiniyar teburina babu dalili, sau uku a wuni ɗaya, a saman kaina, ina fama da odar da ta makara. Na san in na kira ka za ka ce a matsar da na'urar jin hayaƙi daga bakin ɗakin guga, aikin kwana biyu, ka kuma cika mu da aune-aune. Sai na kira mai gyaran wutar masana'anta na ce ya kashe mini wannan guda ɗayan. Ya cire wayar, akwati ya kunna rawaya. Sai ya shiga sito ya ciro ɗan ƙarfenka, ya dawo da shi baya ya ɗaura a jiniyar baranda, wadda ke kafin tawa. Akwati ya koma kore. Minti goma aka yi. Na tambaye shi, "Ta sito fa?" Ya ce, "Ai layi ɗaya ne, ita ma ta tafi." Na ce ba komai, in an gama odar za a mayar. Aka gama odar, na manta. Kai da bakinka ka koya mini mene ne ɗan ƙarfen nan, don haka ba zan ce ban sani ba.

Ina wurin ranar da ka durƙusa gaban matar mai sito. Taku uku ne tsakaninmu. Na sunkuyar da kai na bar ka ka ɗauki kayan da ba naka ba.

Sau uku na zo gidanka da niyyar faɗa. Duk zuwan sai na jira matarka ta shiga ciki, na matso na faɗi komai da baki, littafin da biron suna kan cinyarka ban taɓa su ba. Kana kallon leɓena kana gyaɗa kai, da na gama ka riƙe hannuna ka ce, "Amin, ɗana, na gode da addu'a." Na koma gida ina ce wa kaina ai na faɗa. Tsoro ne kawai, da rashin kunya, domin na zaɓi kurma na yi wa iƙirari.

Jiya na je wurin matar mai sito da babban ɗansa na gaya musu. Abin da suka ce mini tsakanina da su ne, na kuma cancanci fiye da shi. Na kai wa mai masana'anta a rubuce. Duk abin da zai biyo baya, ya zo.

Ku masu wannan sana'a, ku yi koyi da dattijon nan. Ku ɗaura ɗan ƙarfen inda ya kamata, ku taka har ƙarshen layi, amma ku toshe kunnuwanku, kada ku ƙare yadda ya ƙare. Ku kuma masu zama ƙarƙashin jajayen akwatunan nan, in ƙararsu ta dame ku, ku kira wanda ya kafa su, ku yi haƙuri da jinkirinsa. Kada ku yi koyi da ni.

Baba, na gode. Mutum ɗari biyu da sha huɗu sun gode, da 'ya'yan da suka koma suka tarar a gida, ko da ba su san wa za su yi wa godiyar ba. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mai sito. Gobe da safe, lokacin da kake goge filayarka, zan kawo maka wannan takarda da hannuna, in zauna a gabanka har ka kai ƙarshenta. Ban zo neman ka ce ka yafe ba. Ina so ka karanta da idonka cewa ranar gwajin jiniyar sito ta yi kuka, ka kuma ji ta.